Daga Dokin Kara Zuwa Gilashin Waya

Ranar Sallar da ta wuce, a gidanmu na gado da ke cikin birnin Kano, mun kai wa ɗan yayanmu mai shekara 5 tsarabar mota mai rimot. Da hantsi aka ɓare kwalinta. Kafin la'asar ƙafa ɗaya ta fita, batir ya yi sanyi. Yaron ya jujjuya ta, ya girgiza, ya ajiye a gindin randa. Ko kuka bai yi ba. Sai ya matso ya ce, "Baffa, ara mini wayarka."

Kakarmu Inna, wadda ta haura shekara 80, tana kan tabarma tana kallo. Ta ce, "Kai maigida, mota ta lalace ba za ka gyara ba? Ni fa ba na zama da mijin da bai iya gyara ba." Ya ce, "Inna, ai ba a gyara ta. Sabuwa ake saya."

Aka yi dariya, aka ci gaba da cin tuwon Sallah. Amma mu amsar nan ta tsaya mana a rai, domin sana'armu rubuta manhaja ce, kuma irin abin da yaron ya roƙa a wayar, irinmu ne suke ƙera shi. Tun daga ranar muke bin sawun kayan wasan yara a ƙasar Hausa, daga zamanin Inna zuwa na wannan yaro, da tambayoyi biyu a hannu: wa ke ƙera abin wasan, kuma wa ke kafa dokar wasan?

Zamanin kara da laka

Yaron da ya taso a ƙasar Hausa kafin Yaƙin Duniya na Biyu, gona da bakin rafi su ne kantinsa, kuma kayan kantin suna bin yanayi. Da kaka, in an girbe dawa, kara ya wadata. A samo dogon kara a ɗaura masa linzamin igiya ya zama doki, a yi ta sukuwa a lungu. A feƙe ɓawonsa a soka a totuwa a ƙera duk abin da ido ya gani. Da damina laka ta samu, a gina shanu da raƙuma a shanya a rana. 'Yan mata su haɗa 'yar tsana da kara ko da ƙashi, su tsinto ƙyalle a wurin maɗinki su yi mata zane da ɗankwali. In ta isa aure a yi mata biki sosai, da tuwon ƙasa da miyar ganye da 'yan rakiyar amarya, har da faɗan dangin ango da na amarya.

Da dare kuma, in farin wata ya fito, sai dandali. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, ɗaya ta saki jiki ta faɗo da baya, sauran su tare ta su cilla. Samari su ja daga a langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, ana ture juna, ana kare wanda ake kira ruwa har ya kai inda zai sha. Mai son zama ya yi carafke da tsakuwa, ko ya tsuguna kusa da manya ya koyi dara. In an gaji a koma gindin tsohuwa a ji yadda Gizo ya cuci Ƙoƙi. Azumi in ya kai kwana 10, a fito tashe da gemun auduga da tumbin tsumma, yara su kwaikwayi malami da mai magani da gwauro, su faɗa wa manya gaskiya cikin raha, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano har sarauta tashen gwauro ke da ita, ta Nalako.

Abin lura a nan shi ne babu alƙalin wasa. Yara ne ke shata iyakar fili, su raba ƙungiya, su yanke ko ƙafar wane ta taɓa ƙasa. Kusan rabin lokacin a gardama yake tafiya, kuma gardamar tana cikin wasan. A nan ake koyon yadda ake sassauta wa ƙarami doka don kada ya tafi gida da kuka, da yadda ake ladabtar da mai maguɗi ta hanyar ƙin sa shi gobe, da yadda ake haɗiye kaye a dawo.

Sai dai an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. A cikin ƙuruciyar da ta zayyana akwai waƙoƙin 'yan mata da bukukuwa, akwai kuma fargabar mahara masu kama mutane su sayar. Wasan wancan zamani a ratar aiki ake yin sa, tsakanin kiwo da ɗebo ruwa da surfe da makarantar allo. Ko a shekarun 1970, lokacin da Enid Schildkrout ta yi bincike a unguwannin Kano, ta tarar yara ne ƙafafun matan kulle: su ke talla, su ke aike, su ke haɗa cikin gida da kasuwa. Yarinya da yawa ta bar 'yar tsana ta shiga ɗakin miji ba tare da wata tazara mai yawa ba. Inna da kanta ta ce 'yar tsanarta ƙanwarta ta bar wa ranar da aka sa ta a lalle.

Zamanin gwangwani da langa-langa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya tafi da gyaɗa da auduga da fata, ya dawo da kayan kanti, bayansa kuma manyan motoci suka biyo. Duk wannan ciniki yana barin shara, kuma a sharar nan iyayenmu suka sami sabon kanti. Siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi, wato langa-langa, shi ya zama gangar jikin mota. Gwangwanin madara ya zama tanki. Tsohon silifas aka yanka aka yi tayoyi. Doguwar waya ta zama sitiyari, yaro yana tafe a tsaye yana tuƙi, yana yin ƙarar inji da baki, har da canja giya. Wanda bai samu haka ba ya gara tsohuwar taya ko wilin keke da sanda. Tsumma da igiya suka zama ƙwallo, marafan kwalba suka zama 'yan wasa 11 a kan dandamali, robar tayar keke ta zama danƙon harbin tsuntsu.

Kayan aikin sun canja, daga na gona zuwa na bature, amma maƙerin bai canja ba. Yaron da zai ƙera tirela sai ya je tasha ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga yadda ƙafafun gaba ke juyawa, ya dawo ya gwada, ta ƙi, ya sake. Kawunmu da ya yi ritaya yana makanike ya ce gatarin farko da ya taɓa ɗaurawa na motar gwangwani ne, kuma ciwon farko da sana'a ta ji masa bakin gwangwanin ne ya yanke shi.

Abubuwa biyu suka fara taɓa lokacin wasa a wannan zamani. Na farko makarantar boko. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara masu ɗimbin yawa suka shiga aji, rana ta rabu tsakanin boko da allo da Islamiyya, wasa ya sami ƙararrawa da minti ƙidayayye. Na biyu akwatin talabijin. Tashar Kaduna ta fara aiki a 1962, ta jihar Kano ta biyo a 1982. Gidan da ya fara sayen akwati a unguwa shi ya zama sabon dandali, yara su cika tsakar gida da tagogi. A 1984 tashar ƙasa ta fara shirin Tales by Moonlight, inda wata uwa ke zaunar da yara tana ba su tatsuniya. Hasken farin wata ya koma cikin akwati, tatsuniyar kuma da Turanci. Duk da haka yaran lokacin ba su tsaya a kallo ba. Abin da suka gani a fim ɗin Indiya ko na Bruce Lee, washegari sai sun fito da shi fili, an raba wane ne jarumi, wane ne bos.

Zamaninmu: roba da gem

Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, a tsakiya muka faɗo. Mun riski ƙarshen motar gwangwani, mun yi langa a filin makaranta, ƙannenmu mata sun zana 'yar gala-gala a ƙofar gida. Amma a gabanmu roba ta ci kasuwa. Masana'antun Sharaɗa da Bompai suna fitar da bokiti da kofi da ƙwallo, kwantenoni kuma suna sauke kayan Sin. Kuɗin barka da Sallah ya sami inda zai tafi: bindigar ruwa, tabarau mai kore da ja, agogon da allurarsa ba ta motsi, balan-balan, 'yar tsana mai shuɗin ido da gashin doki. A karon farko yaron talaka ya zama mai saye. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa iyaye da yawa ba su iya sayen mai tsada, don haka mai arha aka saya, mai arha kuwa kwanansa kaɗan ne, kuma in ya fashe ba ya karɓar ƙusa ko zare.

Sai gem ya shigo. Akwai ɗan ƙaramin nan mai batir da ake jera bulo, wanda aka rubuta wa 9999 a goshi alhali wasannin cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Asalinsa Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya rubuta a Mosko a 1984. Akwai na jonawa da talabijin, kwaikwayon na'urar Nintendo ta Japan, mai kaset ɗin da sai an hura masa iska, inda muka san Super Mario na 1985. Daga baya PlayStation ta zo, aka buɗe gidajen gem a shaguna da soraye, ana biyan kuɗi a buga ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na layi. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ba a jima ba muka fara satar Nokia ɗin Baba muna kiwon macijin da ke cikinta.

A nan ne doka ta fara kuɓuce mana. Ba a gardama da Mario. In ka faɗa rami ka faɗa, babu sassauci don kai ƙarami ne. Amma gidan gem taro ne har yanzu: mutum 2 ke bugawa, 15 na ihu a baya, kuma dokar layi da ta canjin hannu mu muke kafa ta. Ga kuma ɗauke wuta, wadda ke kora kowa waje ko yana so ko ba ya so. Mu da yawa da muka karanta kimiyyar kwamfuta, a gidan gem tambayar ta fara zo mana: wa ya gaya wa wannan akwati abin da zai yi?

Zamanin gilashi

Wayar Android ta farko ta fito a 2008, kuma cikin 'yan shekaru masu arha suka cika kasuwar Farm Centre da ta Beirut. Temple Run ya fito a 2011, Subway Surfers da Candy Crush Saga a 2012, Free Fire a 2017, PUBG na waya a 2018. Yau yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba ya iya tsallake talla a YouTube.

Ga abin da muka sani daga cikin gida. Yawancin wasannin nan kyauta ake sauke su, amma kamfani ba sadaka yake yi ba. Kuɗinsa daga talla yake fitowa da kuma 'yan sayayyar cikin wasa, don haka ribarsa tana rataye da tsawon lokacin da ido ya zauna a kan gilashi. Ma'aunin da ake yi wa mai ƙera wasa hisabi da shi shi ne mutum nawa suka dawo washegari, nawa bayan kwana 7, nawa bayan kwana 30. Domin a ɗaga waɗannan alƙaluma ake sa kyautar da ba a san lokacin zuwanta ba, da rayukan da ke ƙarewa sai an jira ko an biya, da ladan shiga kullum wanda ke rushewa in an yi fashin kwana ɗaya. Ana raba masu wasa gida biyu, a ba kowane gida launi ko sauti daban, a ga wanne ya fi riƙe mutane, a bar shi. Motar gwangwani ba ta damu ko yaro ya dawo gare ta gobe ba. Wasan waya an gina shi ne don ya dawo.

Manyan hukumomi sun lura. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da 'yan ƙasa da shekara 2 gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana. Ta kuma sa jarabar wasan gem a cikin kundinta na cututtuka. A 2021 ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin wayoyin da ke hannunmu, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako.

Gilashin yana da nasa alherin. Yaron da shan inna ya hana langa yana iya zama gwarzo a ƙwallon waya. Ɗan Zinder yana buga ludo da ɗan'uwansa na Kumasi. Tashar Arewa24, da ta fara a 2014, ta nuna wa yara zane mai motsi da Hausa. Minecraft, inda yaro ke gina gida da gari da tubalan da ya haƙo, ɗan'uwan laka ne na kusa. Manhajar Scratch kuwa, da jami'ar MIT ta fitar a 2007, tana barin yaro ya ƙera nasa wasan da nasa dokokin.

Wa ya cinye dandali?

Zai yi sauƙi a ɗora wa waya laifi duka, amma waya kango ta tarar ta shiga. Filin da muka yi ƙwallo a unguwarmu yanzu jerin shaguna ne. Kududdufin da ake ɗebo laka an cike shi an yi gini. Lungun da aka yi sukuwar dokin kara babura da adaidaita sahu sun karɓe shi. Babban gida mai yara 20 ya rabu zuwa gidajen haya masu get, kowa da nasa biyu ko uku. Bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012 a Kano da dokar hana fita da ta biyo baya, iyaye da yawa ba su sake sakin jiki da wasan dare ba. A karkarar Zamfara da Katsina, inda kara da fili suke har gobe, tsoron 'yan bindiga ya hana zaman farin wata. Tashe ma an sha dakatar da shi a Kano a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Uwar da ta miƙa wa ɗanta waya ta kulle ƙofa, lissafi ta yi: gara ido ya yi ja da a nemi yaro a rasa.

Abin da dara ta koya mana

Shekara 2 da suka wuce, mu da wasu abokan aiki mun ce bari mu sa dara a waya. Abin ya yi kama da aikin mako ɗaya. Gurabe 30, layi 5 sau 6. Kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke. A fara jerawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gurbi na kusa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Har muna dariya cewa Candy Crush ma jera uku ne, kakanninmu sun riga su.

Da muka je wurin dattawan da ke bugawa a gindin bishiya don mu tabbatar da dokoki, sai aiki ya tsaya. Wani ya ce a garinsu gurabe sun fi haka. Wani ya ce akwai jerin da ba a ci da shi, na kusa da shi ya ce ana ci. Muka ce, "Baba, to wacce ce dokar gaskiya?" Tsohon ya ɗago ya dube mu ya ce, "Yaro, wadda kuka yarda da ita kafin ku zauna."

Kwamfuta ba ta san wannan ba. Dole mai rubutu ya zaɓi doka ɗaya ya kulle, kuma duk yaron da ya koyi dara a manhajarmu zai ɗauka tamu ce kaɗai dara. Ƙarshe sai muka sa shafi a farkon wasan inda 'yan wasa biyu za su daidaita dokokinsu kafin a fara, muka kuma cire duk wata ƙararrawar kira a dawo. Manhajar ba ta kawo mana ko sisi ba. Dara ta ci gida.

Langa da dambe da kokawa sun sami gurbi a gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya, kokawa kuma tana da gasarta ta ƙasa a Nijar tun 1975. Wannan ya adana su, amma da alƙali da usur da rajista, a hannun manya. Abin da ke neman ɓata shi ne yaro ya ɗauki abin da ba kowa ba ne ya mai da shi wani abu, ya kuma zauna da sa'o'insa su yanke yadda za a yi. Wannan ba ya bukatar data ko caji. Yana bukatar fili mai aminci, da yara fiye da ɗaya, da babban da zai kau da kai ya bar su su yi gardamarsu. Masu unguwa da masu tsara gari da masu makarantu suna da rabonsu a nan, mu masu rubuta manhaja muna da namu, iyaye suna da nasu.

Washegarin Sallah mun koma gidan da gwangwanin madara biyu da waya da tsohon silifas. Mun yi awa guda muna fama, hannu ya manta, motar ta fito a karkace. Yaron ya tura ta sau biyu ya ce ba ta da kyau. Sai ya tafi gindin randa ya ɗauko matacciyar motarsa, ya ɓalle ƙafafun ukun da suka rage, ya ce a sa mata waɗannan. Muka ce uku ba za su yi ba. Ya ce, "Baffa, ai adaidaita ce." Inna ta ce to yanzu ta fasa neman saki. Bai tambayi waya ba sai bayan magariba.